Wuƙaƙe Biyu da Hula: Nazarin Zinariyar Burutus

Ranar 29 ga Oktoba, 2020, wani gidan gwanjo na Landan mai suna Roma Numismatics ya sallama wata 'yar tsabar zinariya a kan fam miliyan 2.7 na Ingila. Da aka ɗora la'ada, abin da mai saye ya biya ya kai fam miliyan 3.24, wajen dala miliyan 4.2 a canjin lokacin. Kafin ranar ba a taɓa sayen kuɗin Rumawa da irin wannan tsada a gwanjo ba. Faɗinta milimita 19 ne, nauyinta gram 8 da ɗan ɗoriya. Da maƙerin gwal aka kai wa ya ɗora a sikeli, ko fam 500 ba zai taya ba. Sauran kuɗin duka na abin da aka zana a jikinta ne.

Bayan shekara biyu da wata biyar, tsabar tana hannun jami'an ƙasar Girka, mai gidan gwanjon kuma yana amsa tuhuma a kotun Niyok. Tsakanin waɗannan ranaku biyu, da kuma tsakanin fuskokin tsabar biyu, akwai kusan duk abin da mutum yake bukata ya koya game da yadda ake karanta hoton kuɗin Rumawa.

Abin da ido yake gani

A gabanta akwai kan namiji yana duban dama. Babu kambi a kansa, gashinsa a fili, da ɗan gemu mara kauri. Rubutun da ya kewaye shi na Latin ne a taƙaice: BRVT IMP, sai L PLAET CEST. Na farkon yana nufin Burutus, jagoran yaƙin da dakarunsa suka yi wa kirarin nasara. Na biyun sunan jami'in da ya kula da buga kuɗin ne, Lushiyus Falatoriyus Sestiyanus.

A bayanta abu uku ne kawai. Hula a tsakiya, mai kama da rabin ƙwai, ba ta da baki. Wuƙa a damanta, wuƙa a hagunta, tsininsu yana kallon ƙasa, kuma ƙotocinsu ba iri ɗaya ba ne. A ƙasa haruffa shida: EID MAR. Rumawa ba sa ƙirga kwanan wata daga ɗaya zuwa talatin kamar mu. Suna da ranaku uku da suke kafa lissafi a kansu, ɗaya ita ce Idus, wadda takan faɗo ranar 15 a watannin Maris, Mayu, Yuli da Oktoba, a sauran watanni kuma ranar 13. EID MAR ke nan 15 ga Maris, ranar da aka kashe Yuliyas Kaisar, shugaban Rum, a zauren Majalisar Dattawa da ke harabar gidan wasan Fomfe, a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Wanda ya saba ganin kuɗin Jamhuriyar Rum zai ji bayan nan ya yi masa wayam. An saba da kan allahiya Roma da kwalkwalinta, ko karusa mai dawaki huɗu, ko wani kakan jami'in kuɗi da ya yi abin bajinta shekaru ɗaruruwa da suka shige. Nan babu abin bauta, babu kaka, ko sunan Rum babu. Makami ne, da dalili, da kwanan wata. Burutus, mutumin da ya jagoranci kisan shugaban ƙasarsa, shi ne ya buga sanarwar aikinsa a kan kuɗin da yake biyan sojojinsa.

Abin ya ba mutanen dā kansu mamaki. Kasiyus Diyo, wanda ya rubuta tarihin Rum fiye da shekara 250 bayan faruwar lamarin, ya tsaya ya bayyana wannan kuɗi: ya ce Burutus ya sa siffarsa da hula da wuƙaƙe biyu, yana nuna da su da kuma rubutun cewa shi da abokinsa a kisan, wani Kasiyus ɗin daban, sun 'yanta ƙasar haihuwarsu. Kuɗin da marubutan wancan zamani suka siffanta har za mu iya ɗaukar su a hannu mu gwada da maganarsu ba su da yawa, wannan na cikinsu.

Hular ita ce zuciyar saƙon. Sunanta filiyus, da gashin tumaki da aka danne ake yin ta. Idan ubangida ya 'yanta bawansa a Rum, sai bawan ya aske kai ya sa wannan hula, kowa ya gan shi a kasuwa ya san jiya mallakar wani ne, yau ɗa ne. To ka ga abin da Burutus yake cewa: Rum gaba ɗayanta ta zama baiwa a hannun Kaisar, wuƙaƙen nan biyu ne suka 'yanta ta. Ba shi ya fara ƙirƙiro wannan alama a kan kuɗi ba, a titi aka fara. Afiyan, wani marubucin tarihin yaƙe-yaƙen basasar Rum, ya ce da masu kisan suka fito daga majalisa da jini a makamansu, ɗayansu ya ɗaga irin wannan hula a kan mashi yana kiran jama'a zuwa ga 'yanci. Jama'ar ba su bi su ba. Kulle ƙofofi suka yi.

Matsalar tana gaban tsabar

A nan ne nake ganin ya kamata a daɗe, domin wanda ya kalli bayan kuɗin kaɗai zai tafi da rabin labari.

Rumawa sun kori sarkinsu na ƙarshe, Tarkwiniyus, a shekara ta 509 kafin Miladiyya bisa lissafinsu, kuma tun daga nan kalmar sarki ta zama abin ƙyama a bakinsu. Wanda al'adarsu ta ce ya jagoranci korar shi ne Lushiyus Juniyus Burutus, wanda Markus Burutus namu yake danganta kansa da shi. Cikin abubuwan da suka ɗauka alamar sarauta ce akwai sa fuskar mutum mai rai a kan kuɗi. Sarakunan Masar da Siriya da Makidoniya ne ke yin haka. A birnin Rum matacce kaɗai ake zanawa, ko abin bauta.

Kaisar ne ya karya wannan. A farkon shekara ta 44 Majalisa ta amince, kuɗin azurfa suka fito daga ma'aikatar Rum ɗauke da kansa da kambi, wasu har da rubutun da ke kiransa mai cikakken iko na har abada. A tsakiyar Fabrairu Markus Antoniyus, na hannun damansa, ya miƙa masa kambin sarauta a gaban jama'a, ya ƙi karɓa, amma zargi ya riga ya kama ƙasa. Wata ɗaya bayan nan mutum kusan 60 suka haɗa baki, aka same shi da sara da suka 23.

Burutus ya san nauyin hoton kuɗi fiye da yawancin tsararsa, don ya taɓa riƙe ofishin buga kuɗi yana matashi, wajen shekara ta 54. Abin da ya zaɓa a lokacin yana nan ana gani a gidajen adana kayan tarihi. A wani kuɗin ya sa kan Libatas, allahiyar 'yanci, a baya kuma kakansa Lushiyus yana tafe tsakanin dogarai. A wani ya sa kan Lushiyus a gefe guda, a ɗaya gefen kan Sabiliyus Ahala, kakansa ta wajen uwa, wanda aka ce ya kashe wani attajiri da ake zargi da neman sarauta a shekara ta 439. Duk matattu ne, duk a kan ƙa'ida. Bayan shekara goma sha biyu, mutumin nan ya sa fuskarsa, yana raye, a gaban kuɗin da bayansa ke murnar kashe wanda ya fara yin hakan.

Akwai uzurin da za a iya ba shi, kuma ba uzurin banza ba ne. Ba a Rum aka buga kuɗin ba, a gabas ne, inda mutane suka shekara ɗaruruwa suna ganin kan mai mulki a kuɗi, har ma wani janar na Rum, Filamininus, ya taɓa bayyana a zinariyar da aka buga a Girka bayan ya ci Makidoniya a farkon ƙarni na biyu kafin Miladiyya. Abokan gabar Burutus, Antoniyus da Oktabiyan magajin Kaisar, sun riga sun sa nasu fuskokin. Sannan da yawa cikin dakarun da yake jagoranta tsofaffin sojojin Kaisar ne. Soja a yaƙin basasa yakan tambayi wa zai biya shi, kuma amsar da ta fi saurin shiga ita ce wadda ya gani a tafin hannunsa. Ɗan gemun ma wasu masana suna karanta shi a matsayin alamar makoki, domin manyan Rum na lokacin aske fuska suke yi, sai mai juyayi ke barin gashi. Watau yana cewa yana takabar Jamhuriya.

Duk da haka uzurin bai wanke shi ba a ganina, kuma shaidar tana hannun abokinsa. Kasiyus yana cikin halin da Burutus yake, sojojinsa iri ɗaya ne, gabas ɗaya suke, amma mafi yawan kuɗin da aka buga da sunansa kan Libatas suke ɗauke da shi, babu fuskarsa a ko ɗaya. Ashe akwai zaɓi. Burutus kuwa bai tsaya a wannan kaɗai ba. Akwai wata zinariyar tasa mai ɗauke da kan kakansa Lushiyus a gefe guda da nasa kan a ɗaya gefen, kowanne cikin kambin ganye, da kuma wata da Kaska, wanda ya fara kai wa Kaisar sara, ya buga masa da fuskarsa da ganimar yaƙi. Ban ɗauki wannan a matsayin munafunci ba, don na yarda mutumin ya gaskata abin da yake faɗa. Abin da nake gani ya fi munafunci ban tausayi: tsarin da ya zub da jini don ya ceto ya riga ya mutu, har shi mai ceton bai iya tara runduna ba sai da kayan aikin wanda ya kashe.

Zinariyar daga ina

Sunan wannan nau'in kuɗi awuriyus, daga kalmar Latin ta zinariya. A zamanin Kaisar ana fitar da guda 40 daga awon fam ɗaya na Rum, kowanne daidai yake da dinariyus 25 na azurfa. Sojan ƙasa yana karɓar dinariyus 225 a shekara, watau awuriyus tara. (Wannan dinariyus ɗin ba baƙo ba ne a bakinmu. Daga sunansa Larabawa suka sami dinari, daga dinari muka sami zinari da zinariya. Duk ranar da aka ambaci zinariya a wajen lefe, kalmar Rumawa ce ta biyo Sahara.)

Ba a wani gini aka buga kuɗin Burutus ba. Maƙeran suna tafe da rundunar a shekara ta 42, tsakanin yammacin Asiya Ƙarama da arewacin Girka. Ana sassaƙa hoton gaba a ƙarfen hatimi a kafa shi a uwar maƙera, a ɗora gutsuren zinariya da aka auna, a ɗora hatimin baya a kai, a sauke masaba. Ɗaya bayan ɗaya, da hannu. Shi ya sa ba a samun biyu da suka zauna daidai wa daida.

Bukatar kuwa ta wuce misali. A ƙidayar Afiyan, Burutus da Kasiyus suna da runduna 19, dakarun ƙasa kimanin 80,000, kuma kafin gwabzawar ƙarshe sun raba wa kowane soja dinariyus 1,500, kowane shugaban ɗari kuma ninki biyar na haka. Dinariyus 1,500 ya haura albashin shekara shida. Wani ɓangare na ƙarfen kyauta ce: matar wani sarkin Tirakiya da aka kashe mijinta, Folemokiratiya, ta kawo wa Burutus ɗanta da taskar mijin, ya narka ya buga kuɗi. Mafi yawa kuwa ƙwace ne. An tilasta wa biranen Asiya su biya harajin shekara goma a dunƙule. Kasiyus ya ci tsibirin Rodas ya kwashe dukiyar haikalai da ta gidaje. Burutus ya kewaye birnin Zantus a ƙasar Likiya, mutanen garin suka cinna wa gidajensu wuta suka hallaka kansu da iyalansu, maza 'ya'ya wajen 150 kaɗai aka samu da rai.

Wannan ne ya sa ba na iya kallon hular nan ba tare da na tuna Zantus ba. 'Yancin da ake magana a kai na manyan gidajen Rum ne, 'yancin su riƙa karɓa-karɓar mulki ba tare da mutum ɗaya ya danne su ba. Bayin da aka aro hularsu suna nan a bautarsu, mutanen lardunan da aka narka dukiyarsu kuwa ba wanda ya shawarce su.

A filin Filibi da ke Makidoniya aka yi ta ta ƙare. A karon farko, 3 ga Oktoba na shekara ta 42, Burutus ya fatattaki ɓangaren Oktabiyan, amma Antoniyus ya ci sansanin Kasiyus, Kasiyus kuma ya ɗauka an yi asarar komai, ya sa aka kashe shi. Ranar 23 ga watan aka sake karawa, Burutus ya sha kaye ya faɗa kan takobinsa. Kuɗin EID MAR 'yan watanni kaɗan suka yi ana buga su. Masana da dama na ganin waɗanda suka yi nasara sun tattara abin da suka samu sun narka, kuma ba abin mamaki ba ne, domin tun farkon wannan shekara Majalisa ta ɗaga Kaisar zuwa matsayin abin bauta, Oktabiyan kuma yana kiran kansa ɗansa. Na azurfa kimanin ɗari ne aka sani a yau. Na zinariya uku.

Hoton dai bai mutu da mai shi ba. A shekara ta 68 Miladiyya, lokacin tawayen da ya kawar da Nero, sarkin Rum, an sake buga kuɗi da hula tsakanin wuƙaƙe biyu, kuma da labarin mutuwarsa ya bazu mutane sun fito titunan Rum sanye da hular. A 1537, bayan Lorenzino na gidan Medici ya kashe ɗan'uwansa mai mulkin Fulorans, an ƙera masa lambar tunawa da wannan zane, aka canza kwanan wata kawai.

Ta ukun

Ɗaya cikin zinariyun uku tana taskar Babban Bankin Jamus. Ta biyu tana da huji a samanta, wanda masana suka ce tun zamanin da aka buga ta aka yi shi, alamar wani ya rataya ta a wuya. Mutumin da zai rataya dinariyus 25 a ƙirjinsa da wuƙaƙe biyu a kai mai hali ne, kuma ya zaɓi ɓangare a fili. An baje ta a gidan adana kayan tarihi na Birtaniya a matsayin aro tun daga 2010, aka sayar da ita a Zurik a 2022.

Ta ukun ita ce tamu. Ta bayyana a kasuwa a tsaftace, kamar jiya ta fito daga ƙarƙashin masaba, masana suka duba suka tabbatar ta gaske ce, kuma har yau ba wanda ya rushe wannan hukunci. Ƙaryar a takardunta take.

A kasuwar kayan tarihi, abu ba ya tsayawa da ƙafarsa sai da salsala: wa ya mallake shi, daga hannun wa ya karɓa, a wace shekara ya bar ƙasar da aka tono shi. Ɗalibin hadisi zai gane abin nan da nan, domin isnadi ne. Matani na iya zama mai kyau, amma in sarƙar ta yanke ko an cusa sunan da ba ya ciki, an sami illa. Tun bayan yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan hana fataucin kayan tarihi, manyan masu saye sukan nemi sarƙar da ta wuce wannan shekara a baya. Ƙasashe irin su Girka da Italiya kuma dokarsu ta ce abin tarihin da ke cikin ƙasa na al'umma ne.

Takardun gwanjon 2020 sun ce tsabar ta fito daga tarin wani tsohon gidan masu sarauta na Swizalan, ta daɗe a hannunsu tun ƙarni na 19. Masu gabatar da ƙara na Manhatan a Niyok, ta sashensu mai bin sawun kayan tarihin sata, sun ce ba haka ba ne. A bayaninsu, mai gidan gwanjon ya samo ta daga wani dillali ɗan Italiya ba tare da wata takardar asali ba, ya kai ta Niyok ya nuna wa masu saye, suka ja baya saboda rashin salsala, daga nan aka biya kuɗi aka ƙago mata tarihi. An kama shi a Janairun 2023 da ya je taron masu cinikin tsoffin kuɗi a Niyok. Ba'amurken da ya saya ya miƙa tsabar ga hukuma. A watan Maris aka damƙa ta ga Girka cikin kaya 29 da aka ƙiyasta darajarsu ta haura dala miliyan 20. A watan Agusta mai gidan gwanjon ya amsa laifinsa, wanda ya haɗa da ƙirƙirar asali ga wata tsohuwar azurfar birnin Naksos na Sisili da aka sayar a gwanjo guda da ita.

Wasu masu tara kuɗin dā sukan ce ai tsaba ba gunki ba ce, an buga ta ne don ta yi yawo, Rumawa ne suka buga, me ya sa Girka za ta ce tata ce? Maganar tana da ƙarfi a kan kuɗin da aka buga dubbai suka watsu daga Birtaniya zuwa Indiya. Amma ta kauce wa ainihin ɓarnar. Duk abin da muka karanta a sama, hula da wuƙa da gemu, maganar Burutus ce a kan kansa, kuma mai magana a kan kansa yana da abin da yake so a yarda. Shaidar da ba ta da ɓangare ita ce ƙasar da tsabar ta kwanta a ciki shekara dubu biyu. Da masu binciken kufai ne suka tono ta, da an rubuta zurfin ramin, da tukunya ko jakar da ta ƙunsa, da sauran kuɗin da ke tare da ita. Waɗannan kuɗin ne ke nuna shekarar da aka binne, su nuna ko ajiyar hafsa ce da bai dawo daga fage ba, ko ganimar sojan Antoniyus, ko dukiyar wani ɗan gari da ya ɓoye don tsoro. Rashin gogewar jikinta ya nuna ba ta daɗe tana yawo a hannu ba, kuma abokan kwanciyarta ne za su ƙarasa wannan magana. Wanda ya haƙa da dare ya raba su, kowanne ya bi dillalinsa.

Tsabar ta koma Girka lafiya, ba ta rasa ko gram ɗaya ba. Bayanin da ya raka ta game da mafitarta shi ne an tono ta fiye da shekara goma kafin nan, a yankin Girka ta yau da rundunar Burutus da Kasiyus ta yi sansani.